Inda ake ajiye fayil ɗin salo a TeX

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa fayil ɗin salon maɗaba'armu yake aiki a kwamfutarka mai Windows, amma da ka kai shi ta Linux sai TeX, manhajar tsara rubutu don bugawa, ya ce bai gan shi ba. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, wurin ajiya ne ka kuskure.

A Windows, TeX Live, wato kunshin TeX da ake girkawa, yakan zauna a foldar da ke ɗauke da shekarar fitarsa, misali C:\texlive\2024, a Linux da Mac kuwa a /usr/local/texlive/2024. Gindin ne kaɗai ya bambanta, rassan ɗaya ne ko'ina, domin tun shekarun 1990 ƙungiyar masu amfani da TeX, TUG, ta shimfiɗa ƙa'idar tsarin foldoji da ake kira TDS. Fayil ɗin salo, mai .sty a ƙarshen sunansa, gidansa tex/latex, cikin folda mai sunansa. Samfurin haruffa irin Charis SIL, wanda muke so saboda ɓ, ɗ da ƙ, yana shiga fonts/truetype.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne kada ka zuba kayanmu a texmf-dist. Wannan ta manhajar ce, tlmgr mai sabunta TeX Live ke juya ta, kuma tana cikin foldar shekara. Baɗi in an girka sabo, kayanka sun kwana a ta bara. Abin da dukan ma'aikata za su yi amfani da shi, kai shi texmf-local, wadda take gefen foldar shekara, ba cikinta ba. Da ka ajiye, buga mktexlsr. A can TeX ba ya bin folda ɗaya bayan ɗaya, jerin suna yake dubawa mai suna ls-R, wanda mktexlsr ke sabuntawa. In sunan fayil bai shiga jerin ba, ko yana gaban idonka, a wurin TeX babu shi. Nan yawancin masu koyo suke ɓata yini guda.

Na gwajinka kai kaɗai, sa shi a ~/texmf a Linux (~ na nufin foldarka ta gida), ~/Library/texmf a Mac, ko texmf cikin foldar mai amfani a Windows. Wannan ba ta buƙatar mktexlsr.

In ta apt, mai girka manhajoji, aka girka TeX Live a Linux na Ubuntu, wuraren sukan sauya, don haka kada ka yi hasashe. Buga kpsewhich -var-value=TEXMFLOCAL, injin zai faɗa maka inda texmf-local take da kansa. Bayan ka mayar da fayil ɗin, buga kpsewhich da sunansa, ka kawo min abin da ya fito.