Kalmar "leave" ba korar ka take yi ba

Ƙanena, na ga saƙonka da daddare bayan na taso daga aiki. Ka ce kana karanta ƙa'idojin bizar karatu ta Birtaniya sai ka ci karo da "leave to remain", gabanka ya faɗi. Yaya za a ce wa mutum ya tafi kuma ya zauna a lokaci guda? Har ka fara shakkar Turancinka, duk da sakamakonka mai kyau a jarrabawar Turanci ta IELTS.

Kwantar da hankalinka. A wannan wurin "leave" izini take nufi. Haka dokar shige da fice ta 1971 ta rubuta: "leave to enter" izinin shiga, "leave to remain" izinin zama, "indefinite leave to remain" kuwa izinin zaman dindindin, wanda mutanenmu da yawa ke shekaru suna jira. A tsohon Turanci kalmomi biyu ne daban, ɗaya ta barin wuri, ɗaya ta ba da izini, zamani ya haɗe su a rubutu ɗaya. In ka fara aiki za ka sake haɗuwa da ita, a can hutun ma'aikaci ce. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kuma sunan ɓangaren masu son ficewa daga Tarayyar Turai ne. Ita ba ta ma kai wasu ba: ƙamus na Oxford da aka buga a 1989 ya jera wa "set" ma'ana 430.

Kada wannan ya firgita ka, domin kai ma da irinsa ka tashi. Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, wani ya ci bashi, wani ya ci amana, 'yan ƙauye sun ci kasuwa, ɗan takara ya ci zaɓe. Ba ka taɓa tsayawa ka tambayi wane "ci" ake nufi ba, kalmar da ke kusa da shi ce ke gaya maka. Kunnen da ya iya wannan zai iya na Turawa, lokaci kawai yake bukata.

Wadda nake so ka riƙe da hannu biyu ita ce "term". Tana nufin zangon karatu, tana nufin wa'adin mulki, in aka ƙara mata harafi ɗaya a takardar haya ta zama sharuɗɗa. Bizar ɗalibin digiri tana ba shi damar aikin awa 20 a mako a cikin "term time". Yaranmu sukan ɗauka da an daina shiga aji zango ya ƙare, sai su cika aiki da rani. Alhali jami'o'i da dama suna ƙirga watannin da ɗalibin digiri na biyu ke rubuta kundinsa a cikin zangon karatu. Na zauna da wani yaro a masallacinmu a nan Birmingham yana hawaye a kan wannan, ga shi mahaifinsa gona ya sayar ya turo shi. Yaron ba maƙaryaci ba ne, ma'anar da ya sani daga gida ya bi. Har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka duk takardar da za ka sa wa hannu, ta biza ce, ta haya ce ko ta aiki, kalmar da kake ganin ka sani ita za ka fi bincikawa. Buɗe ƙamus na Turanci zalla, ka karanta har ƙasa, kada ka tsaya a ma'ana ta farko. In ka iso, kowace jami'a tana da ofishin ba ɗaliban ƙetare shawara. Ka tura musu imel su rubuto maka ranakun zangonka, ka adana amsar.

Idan takardar CAS ɗinka ta fito, wato shaidar jami'a ta ba ka gurbin karatu, turo mini mu bi ta layi-layi ranar Lahadi bayan la'asar. Ka gaishe mini da Inna.