Tambayi Likita: Zugin gwiwar hannu, kame numfashi da yaro mai tsayuwa da hannu

Likita, barka da aiki. Shekarata 22. Wata biyu ke nan ina koyon motsa jikin nan da ake tokare ƙasa da hannu biyu, a ɗaga jiki ya miƙe sambal, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ƙarfi ya fara zuwa, amma cikin gwiwar hannuna na yi min zugi. In ci gaba? Daga wani matashi a Zariya.

Ƙanena, ka sassauta tun yau. Ka san farar agarar nan mai tauri da mahauci ke fama da ita a jikin nama? Irinta ce ke ɗaure ƙwanjinka da ƙashi a gwiwar hannu. Jini kaɗan ke ratsa ta, shi ya sa tsoka kan yi ƙarfi cikin makonni, ita kuwa sai ta ɗauki watanni. Tsokarka ta riga agararka, kuma duk sanda ka miƙe hannu ka jingina gaba, kanta nauyin yake sauka.

Koma baya mataki ɗaya. Ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, domin idan ƙafa ta matso kusa da kafaɗa nauyin yana raguwa sosai. Gwada iyakar daɗewarka: in daƙiƙa 20 ce, to ka riƙa yin 10 kawai, sau biyar ko shida, da hutun minti biyu a tsakani, kwana uku a mako. Ka zauna a wannan mataki mako shida zuwa takwas ko da ka ji ya zama wasa. Nan ne samari suka fi ba ni tausayi, don ranar da abu ya yi sauƙi suke tsallakawa gaba. Ko a gasar Olamfik, daƙiƙa biyu kacal alƙalai ke nema daga mai riƙe jiki a kan zobban da ake ratayewa sama, amma shekaru ya kwashe kafin ya kai can.

Idan kuwa ka ji ɗas, ƙwanji ya tattare sama, wurin ya kumbura jini ya kwanta, to agarar ce ta tsinke. Kada ka tsaya ɗori a gida, ka nufi asibitin ƙashi cikin kwanakin nan, domin ɗinkinta ya fi kyau a makonni biyu ko uku na farko.

Ina da hawan jini, shekarata 54. 'Ya'yana suna so in riƙa jingina da bango kamar mai zaune a kujera. Ba hatsari?

Alhaji, shawararsu tana da tushe. A 2023 masana a Ingila sun tattara gwaje-gwaje 270, suka ga irin wannan riƙe jiki ba motsi yana rage kusan 8 daga lambar sama ta awon jini, kusan 4 kuma daga ta ƙasa. Hatsarin yana wajen kame numfashi. Mutum na yunƙuri sai ya datse maƙogwaro, fuska ta kumbura, jini ya yi tashin gaggawa. Ka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku a bayyane. Muddin murya na fita, numfashi na tafiya. Fara da daƙiƙa 15, kada ka durƙusa sosai. Amma a fara auna ka tukuna, kada kuma ka ajiye maganinka. In awon ya kai 180 bisa 110, ko kana jin ciwon ƙirji, bari sai likitanka ya yarje maka. Tsayuwa kai ƙasa kuwa ban yarda maka da ita ba.

Jikina na karkarwa idan na riƙe shi ba motsi. Rashin jini ne?

Ba lallai ba. Ƙwaƙwalwa ce ba ta gama koyon haɗa kan tsokoki ba, kuma yana raguwa cikin 'yan makonni. Sai in akwai jiri ko bugun zuciya, nan za a duba jininka.

Likita, ɗana mai shekara 12 kullum ƙafa a sama, yana tsayuwa da hannu jikin katanga. Yanzu yana kukan wuyan hannu. In hana shi?

Hajiya, kada ki hana shi gaba ɗaya, abin kirki yake koya. Amma wannan kuka na ɗauke shi da muhimmanci. A ƙarshen ƙashin hannun yaro, dab da wuyan hannu, akwai wani guringuntsi da ƙashin ke tsawo ta wurinsa, bai gama ƙwari ba sai ya gama girma. Yawan ɗora nauyi yana ƙuntata masa, an kuma san wannan ciwo sosai a yara 'yan jimnastik. Danna wurin a hankali ta ɓangaren babban yatsa. In ya zabura, ko ciwon ya wuce mako biyu, a kai shi a ɗauki hoto, ya kuma huta da tokare hannu har sai likita ya sallame shi, wanda kan ɗauki mako shida ko fiye. Idan ya dawo, ya fara ɗumama wuyan hannu na minti biyar, ya yi a kan ƙasa mai laushi maimakon siminti, rana ɗaya aiki, rana ɗaya hutu.