Shin cutar da ke cikin kashin tattabaru tana da mace da namiji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara 12 ke nan ina kiwon tattabaru a bayan gidanmu a Aboabo, Kumasi. Ɗan wana, wanda ke karatun kimiyya, ya ce akwai wata funfuna a cikin kashinsu mai haddasa sanƙarau, wai tana da mace da namiji, kuma namijin ne mugu. Haka ne? Ko in rabu da tsuntsayen?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan naka ya kama gaskiya, amma ta wutsiya. Sunan funfunar Cryptococcus neoformans, kuma tun 1894 aka gano ta. Tana son busasshen kashin tsuntsaye, tana shiga jiki ta numfashi, daga huhu kuma takan haura ƙwaƙwalwa. Wannan sanƙarau daban yake da wanda ke ɓarkewa a arewacin Ghana lokacin zafi, domin ba a ɗaukar sa daga mutum zuwa mutum.

Mace da namiji kuwa, kwatance ne kawai. Abin da take da shi jinsi biyu ne, ɗaya ana kiran sa "a", ɗayan kuma "alfa", waɗanda ko da madubin likita ba a iya bambanta su, sai an bincika wani yanki na ƙwayoyin gadonsu mai ɗauke da umarnin haɗuwa. A 1975 masaniya June Kwon-Chung ta nuna cewa idan jinsunan biyu suka gamu, sukan haɗe su fitar da zare-zare, a kan zaren kuma a sami iri ƙanana ƙwarai da iska ke ɗauka. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, kusan duk wadda ake samu a jikin majinyata alfa ce, kuma ina jin daga nan ɗanka ya samo zancen mugun namiji. Amma alfa ce ta fi yawa ko a cikin ƙasa da kashin tsuntsaye, kuma a 2005 aka gano cewa alfa biyu ma suna iya haɗuwa su ba da iri, ba tare da sun jira jinsin "a" ba.

Inda maganar ta fi nauyi, a ganina, shi ne yadda haihuwarta da ɓarnarta suke rataye a igiya ɗaya. Makamai uku take da su: wani rufi mai kauri da santsi da take lulluɓa da shi kamar sulke don kada sojojin jini su haɗiye ta, da baƙin sinadarin melanin irin na fatarmu, da juriyar zafin jikin mutum, digiri 37, wanda ke gagarar yawancin danginta. A 1997, a Jami'ar Duke ta Amurka, aka cire mata ƙwayar gado guda ɗaya mai suna GPA1, wadda aikinta shi ne isar da labarin abin da ke kewaye da ita zuwa cikinta. Sai ga shi ta kasa haɗuwa yadda ta saba, ta kasa kaurara sulkenta, baƙinta ya ragu, ƙarfinta na kashe dabbobin gwaji kuma ya karye. Ma'ana, ɗan aiken da ke cewa "abinci ya ƙare, a nemi abokin haɗuwa" shi ne kuma ke cewa "a ɗaura ɗamara". Shi ya sa masu neman sabon magani suke bibiyar irin waɗannan ƴan aike.

Game da tattabarunka, yawancin mutane sun shaƙi wannan funfuna tun suna yara, garkuwar jikinsu ta danne ta. Waɗanda take kayarwa su ne masu raunin garkuwa, musamman masu ƙanjamau da ba sa shan magani, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Wani ƙiyasi na 2022 ya nuna tana kashe masu ƙanjamau kimanin 112,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

Idan kai da iyalinka lafiya lau kuke, ban ga dalilin rabuwa da tsuntsayenka ba. Sai dai kada ka bar kashin ya taru ya bushe, kuma kafin shara, musamman da hunturu, ka yayyafa ruwa har ya jiƙe, ka rufe hanci, ka kwashe da shebur. Mai raunin garkuwa kada ya shiga akurkin, idan kuma ya yi kwanaki da ciwon kai mai ƙaruwa, ko ya fara rikicewa, a kai shi asibiti ranar, a kuma gaya wa likita cewa ana kiwon tattabaru a gidan.