Maguna sun cika mana unguwa: buhu, guba ko fiɗiya?

Tambaya: Likita, maguna sun yi mana yawa a layinmu, musamman bayan wani gidan abinci. Da dare kukan muzurai ba ya barin mu runtsa. Maigidana ya ce a zuba su a buhu a kai daji, wani maƙwabci kuma guba yake so a sa. 'Yata da ke karatu a Turkiyya ta ce a can kama su ake yi, a yi musu tiyata don kada su haihu, a mayar da su inda suke. Wannan yana rage su kuwa? Kuma ba zalunci ba ne? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, 'yarki ta faɗi daidai. Tun 2004 dokar kare dabbobi ta Turkiyya ta ɗora wa hukumomin birane wannan aiki, Italiya ma tun 1991 ta hana kashe magunan titi, sai dai a yi musu tiyata a mayar da su. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa buhun Alhaji ba zai yi ba.

Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida. Cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, ta haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya yin haka sau biyu ko uku a shekara. Wani lokaci ba ta gama yaye ba ta sake ɗauka. A 1949 an kai maguna biyar tsibirin Marion na Afirka ta Kudu don su kama ɓeraye. Zuwa 1977 sun kai kusan 3,400. To idan kuka kwashe goma, kwandon sharar gidan abincin yana nan. Waɗanda suka kuɓuce za su samu abinci a wadace, 'ya'yansu su fi rayuwa, na unguwar gaba kuma su matso. Kafin damina ta zagayo kun koma gidan jiya. Guba kuwa ban ma so a kawo maganarta: ba ta san mage da kaza ba, ba ta san kaza da yaron da ke rarrafe a tsakar gida ba.

Ita tiyatar iri biyu ce. Ga muzuru fiɗiya ce, kamar yadda ake mayar da bunsuru taure, sai dai shi ana sa masa allurar barci, kuma cikin 'yan mintuna an gama. Ga mace sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa, galibi har da mahaifa. Ana haɗa musu da rigakafin ciwon haukan kare, a ɗan datse kan kunne ɗaya tun suna barci, don gobe kada a sake kama wanda aka riga aka yi wa. Kwana ɗaya ko biyu a mayar da su wurinsu. Kukan da ke hana ku barci na barbara ne da faɗan muzurai, shi ne yake fara lafawa, tare da warin fitsarin da suke fesa wa bango. Kama ɓera kuwa ba su dainawa.

Ga inda mutane suke faɗuwa. Yi wa biyu ko uku a cikin ashirin ba ya rage komai. Masu nazarin wannan aiki suna ganin sai an yi wa aƙalla bakwai cikin goma, kuma a ci gaba da kama duk baƙon da ya shigo. Idan kuɗi bai kai ba, a fara da matan, ko da tasu ta fi tsada, domin muzuru ɗaya da ya tsira ya ishi matan layin gaba ɗaya. Sannan mai gidan abinci ya rufe shararsa. Ba a wata ɗaya za ku ga bambanci ba. Abin da za ki fara lura da shi shi ne babu sababbin 'ya'ya a ƙarƙashin mota.

Batun zalunci, ni abin da nake gani a asibiti ya ishe ni: yawancin 'ya'yan magen titi ba sa kai wata shida, yunwa da mura da tayar mota ke cinye su. Hana wannan haihuwar ya fi sauƙi a kan dabbar. Malamai sun yi saɓani kan fiɗiyar dabbar da ba a ci, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da ita ba, don haka ki tuntuɓi malaminki. Hadisin matar da ta kulle mage har ta mutu kuwa kowa ya san shi, kuma ya fi kusa da buhu da guba.

Ku haɗa kuɗi ku je asibitin dabbobi, ku tambaya ko za a rage muku tunda da yawa za ku kawo. Kada a bari mai dandaƙar raguna ya taɓa su, kada a ba su maganin tsarin iyali na mutane. Kuma bayan tiyata ko kin ga tana jin zafi, kada ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.