Kwabo ba sunan kowane kuɗin ƙarfe ba ne

Tambayoyin wannan mako yawancinsu a kan kuɗin zinariya da azurfa suka zo, irin waɗanda gwamnatoci kan buga don tunawa da wani biki.

Wani malamin makaranta daga Samaru ya ce ya ji a rediyo an kira irin wannan kuɗi "kwabon zinare", yana so ya san ko daidai ne.

Malam, ba daidai ba ne, kuma kunnena ya gaji da jin sa. Kwabo daraja ce ta kuɗi, kamar taro da sisi da sule. Asalinsa kalmar Turanci ce mai nufin jan ƙarfe, don haka mai cewa "kwabon zinare" cewa yake yi jan ƙarfen zinariya. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma kwabon da ke cikin sunan shi ne farashin jaridar, a wancan lokaci sha biyunsa ke yin sule. Bazazzage bai kamata ya rikita wannan ba. Idan kuɗin ƙarfe na da yawa, tsaba ne ko sulalla. Idan guda ne, ƙwandala. Sai a ce ƙwandalar zinariya ta tunawa da kaza, magana ta ƙare.

Ga misali. Lokacin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023, gidan buga kuɗin Ingila ya fitar da ƙwandalar fam biyar. Ta azurfa nauyinta giram 28.28, faɗinta milimita 38.61. Ta zinariya faɗinsu ɗaya, amma nauyinta giram 39.94, saboda zinariya ta fi azurfa nauyi. Fam biyar aka rubuta a jikin kowacce, alhali ƙarfen da ke cikin ta zinariyar ya ninka haka sau ɗaruruwa. Mai fassara labari ya raba abu biyu: darajar da aka rubuta, da kimar ƙarfen.

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta ce: zinare ne ko zinariya?

Duka biyun Hausa ce, Hajiya. Tsofaffin rubuce-rubuce sun fi cewa zinariya, bakin kasuwa ya fi son zinare. Abin da ba na so shi ne 'yan mata su ce "gwal" a wurin da ba a bukata, kamar ba mu da kalma. Muna da ita tun kafin Bature ya san hanyar Kwara.

Kalmar zinariya daga dinari ta fito. Wato Bahaushe a matsayin kuɗi ya san wannan ƙarfe, har sunan kuɗin ya koma sunan ƙarfen. Larabawa kuma daga Rumawa suka aro, kuma abin sha'awa, dinarin Rumawa na farko azurfa ne. Dirhami daga Girkanci ya zo. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan shi ne ya buga dinarin Musulunci wanda babu hoto a jikinsa sai rubutu zalla, a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa mithƙali ɗaya, wato wajen giram 4.25. A kan wannan awo ake tafiya har gobe. Nisabin zakka mithƙali 20 ne, giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, giram 595 na azurfa. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Duk ɗaurin auren da aka yi a cikin birni ko a Sabon Gari, a kan awon ƙwandalar da aka buga fiye da shekara 1,300 ake tsayawa, ko waliyyai sun sani ko ba su sani ba. Ina takaicin yadda yaranmu suka san giram da oza, amma in ka ce mithƙali sai su dube ka kamar ka yi wani yare.

Wani ya tambayi asalin azurfa. Daga harshen Buzaye ne, ta hanyar fataken Sahara.

Wani ɗalibi daga Kongo ta nan Zariya ya ce yakan ga lambobi irin su 999 da 916 da 925 a takardar bayanin irin waɗannan kuɗi, yaya zai faɗe su da Hausa?

Ɗana, lambobin tsarkin ƙarfe ne, kashi nawa cikin 1,000. Mai 999 ita ce tsantsa, ita ce karat 24. Mai 916 ita ce karat 22, kashi 22 zinariya, kashi 2 gami, yawanci jan ƙarfe, don zinariya tsantsa tana da laushi, tana saurin lotsewa. Lamba 925 ta azurfa ce. Kada ka rubuta "zinare ɗari bisa ɗari" a kan mai karat 22, ƙarya ce ko da ba ka yi niyya ba. Dubi Krugerrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara bugawa a 1967: nauyinta giram 33.93, amma zinariyar cikinta oza ɗaya ce, giram 31.1, sauran jan ƙarfe ne, shi ya sa take da ɗan ja. Ka je wurin masu sayen zinare a kasuwar Sabon Gari ka tsaya ka gani. Mutum zai goga ɗan kunne a baƙin dutse ya bar zane, ya ɗiga ruwan gwaji a kai, ya jira ya ga ko zanen zai ɓace, sannan ya ɗora a sikeli. Bai tambayi adon da ke jiki ba. Nan za ka gane abin da ake nufi da sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gefen da ke da hoton sarki ko tambarin ƙasa fa, in ji wani? Fuska. Ɗayan kuma baya.

Wata ta ce: "Ba duk abin da ke ƙyalli ne zinare ba", karin maganar Hausa ce?

A'a. Fassara ce daga Turanci, ɗaliban makaranta suka shigo da ita. Namu shi ne kallon kitse ake wa rogo, ko kyan ɗan maciji idan akwai cuta a ciki. Haka "in magana azurfa ce, shiru zinariya ne", daga Larabci take, sai dai ita ta daɗe a bakin malamai har ta zauna.

Wani dattijo daga Ƙofar Doka ya ce jikansa ya tambaye shi ma'anar "wuri na gugar wuri".

Baba, kai ka fi ni sani, amma ga ta don yaron. Wuri shi ne kuɗinmu kafin zuwan Turawa, a keso ake zuba shi, yana gogar juna yana ƙara. Ana nufin kuɗi a hannu, cif, ba bashi ba. Haka "ɗari" ta zama sunan rabin kwabo, don wuri ɗari ake canza ta. A faɗa wa yaron kuma cewa kakanninsa mata sun rataya dala a wuya, ƙatuwar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda tun bayan rasuwar sarauniyar, duk shekarar da aka buga ta, 1780 ake rubutawa.

Na ƙarshe ya ce me ya haɗa aninin soja da "ba ni da ko anini"? Anini shi ne ƙaramin kuɗin Turawa mai huji a tsakiya, goma ke yin kwabo. Maɓallin riga da tauraron kafaɗar soja duk sun yi tarayya da shi a suna, saboda ƙanƙanta da ƙyalli.