Final Fantasy V: wanne zan saya, kuma wace sana'a zan ba yarana?

Salamu alaikum jama'a. Saƙonni uku na ware wannan makon, kuma duka a kan gem ɗaya ne, Final Fantasy V, wanda ni dai har gobe ban ga na biyunsa ba wajen tsarin sana'o'i. Sana'a a nan ita ce aikin da kake ba kowane ɗaya cikin yaranka, wato jaruman da kake sarrafawa, kamar mayaƙi ko mai sihiri. Bari mu shiga kai tsaye.

Wani ƙanenmu daga Zariya ya rubuto: "Yaya ina so in buga FF5 amma na ga kala-kala ne, wani abokina ya ce na PlayStation 1 ne na asali, wani ya ce na Game Boy Advance, ga kuma Pixel Remaster a waya na kuɗi. Wanne zan sa kuɗina a kai?"

Ƙanena, abokin naka na farko bai faɗi daidai ba. Na asali shi ne wanda kamfanin Square ya fitar a Japan a 1992 a kan Super Famicom, kuma ba a fassara shi ba a lokacin, tsallake shi aka yi kamar yadda aka tsallake na biyu da na uku, shi ya sa a Amurka aka sayar da na huɗu da sunan II, na shida da sunan III. Sai wasu matasa masu kiran kansu RPGe suka zauna suka fassara shi zuwa Turanci da kansu, aikin ya kammala a 1998, ba wanda ya biya su ko sisi. Fassarar kamfani ba ta zo ba sai 1999 a cikin Final Fantasy Anthology na PlayStation, kuma gaskiya wannan fassarar ita ce mafi rauni a cikinsu duka. Dodon da ake kira Wyvern sun rubuta shi Y Burn, Karlabos ya koma Karl Boss, gimbiya Lenna ta zama Reina, ga kuma jira duk sanda ka buɗe menu ko za a shiga faɗa saboda faifai ne. Kar ka kashe kuɗinka a nan.

Na Game Boy Advance, na 2006, shi ne aka sake wa fassara tun daga tushe, maganganun Bartz da Galuf da Gilgamesh suka samu rai, mutum ya riƙa dariya inda Japanawa ke dariya. An kuma ƙara masa sana'o'i huɗu, Gladiator da Cannoneer da Oracle da Necromancer. Matsalarsa sai ka nemo tsohuwar na'ura da kaset na hannu, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Shi kuwa Pixel Remaster, wato bugun da aka sabunta, a 2021 ya fito a waya da Steam, ya iso Switch da PS4 a 2023, kuma a kan waccan fassara mai kyau aka gina rubutunsa, ga kiɗan Nobuo Uematsu da aka sake yi. Abin da babu a ciki shi ne waɗancan sana'o'i huɗun, amma da ma can sai kusan ƙarshen gem ake samunsu, wanda bai taɓa bugawa ba ba zai ji ya rasa komai ba, guda 22 na asali sun ishe ka har ka gaji. Pixel Remaster za ka saya. In ba sauri kake ba ka ɗan jira lokacin ragi, suna yi akai-akai, kuma kar ka sayi kunshin Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida in dai na biyar kaɗai ke ranka.

Saƙo na biyu daga wata ’yar'uwa ce a Maraɗi: "Ni Faransanci na yi a makaranta, Turancina ba ƙarfi. Zan iya bugawa? Kuma in na duba bayani a intanet sunayen ba sa zuwa daidai da abin da wasu ke faɗa."

’Yar'uwa za ki iya sosai, Pixel Remaster yana da Faransanci a cikin harsunansa. Hausa dai babu, Larabci ma babu, abin yana min ciwo don labarin nan na uba da ’ya’ya da abota irin wanda zai zauna daram a bakinmu ne. Batun sunaye kuwa ba laifinki ba ne, fassarar Turanci uku ce ke yawo a intanet kowacce da nata. Butz da Bartz mutum ɗaya ne, Cara da Krile yarinya ɗaya ce, X-Death shi ne Exdeath. Dabarar nan ta sara huɗu a jere, wani zai ce X-Fight wani Sshot wani Rapid Fire, duk abu ɗaya ne da Japanawa ke kira midareuchi. To in kina karanta bayani ki fara duba wane bugu mai rubutun yake nufi, kuma ki riƙe sana'ar da ke ba da dabarar da abin da dabarar ke yi maimakon sunanta, wannan ba ya canzawa ko da wane harshe kike bugawa.

Na uku shi ne ya fi ci min rai. Wani malam daga Kano ya ce: "Tun da na samu sana'o'in farko na sa Knight biyu da White Mage da Black Mage ban canza ba, ina so sai na gama ƙwarewa a kansu. Yanzu bos-bos suna ta kashe ni. In ƙara lebul ne ko in kunna ninkin maki?"

Malam ba lebul ne matsalarka ba, riƙon da ka yi wa sana'a huɗu ne. A gem ɗin nan canza sana'a kyauta ne, ba tara ba jira, ka shiga menu ka canza ko sau nawa, kuma duk dabarar da ka koya a wata sana'a kana iya ɗora ta a kan wata. Kusan kowane bos tambaya ce aka yi maka, amsarta tana cikin wata sana'a da ka ajiye tana ƙura. Mystic Knight yana shafa wa takobi wuta ko ƙanƙara ko tsawa, in ka dace da raunin bos sai ka ga jininsa na zuba kamar an fasa randa. Time Mage da Haste da Slow kaɗai ya canza faɗa. Samurai yana watsa wa abokan gaba kuɗi, Zeninage, in aljihu da nauyi ba ruwanka da dogon faɗa. Ko mai sihirinka da MP, wato makin yin sihiri, ke ƙare wa, koya masa Barehanded daga Monk ka ga yadda zai riƙa naushi a farkon gem.

Blue Mage kuwa kar ka raina shi don ya fara da hannu biyu. Sihirin dodanni yake koya, sai an jefe shi da abin kuma kun ci faɗan. A ɗakin karatun nan, Library of the Ancients, akwai dodo Page 64 mai jefa Level 5 Death, wanda ke kashe duk wanda lebul ɗinsa ke rabuwa da 5. Ka tabbata mai koyon yana kan irin wannan lebul, wani kuma a cikin yaranka ba ya kai, don kar a share ku gaba ɗaya. Amfaninsa zai fito a duniya ta biyu, a ƙarƙashin gidan sarautar Bal akwai gumaka Objet d'Art, jifa ɗaya duk sun zube, kuma suna ba da ABP, wato makin ƙwarewa a sana'a, mai kauri, Gold Needle ma tana kashe su ɗaya-ɗaya. Nan ne wurin zaman neman ƙwarewa, ba farkon gem ba. Wasu sihirin kamar White Wind mai warkarwa dodo ba zai jefa maka don Allah ba, sai ka sa Control na Beastmaster ka tilasta shi.

Ga inda fassara ta ɓoye wani abu mai daɗi. Sana'ar da ake farawa da ita, Freelancer, sunanta da Japananci suppin, wato fuskar da ba a yi wa kwalliya ba, na PlayStation ma Bare suka kira ta. Sauran sana'o'in kwalliya ce ake shafawa a wanke, a ƙarshe fuskarka za ka koma, sai dai ta kwashe ƙarfin duk sana'ar da ka ƙware a kai ba tare da rauninta ba, tana riƙe kowane makami, ga gurbi biyu na dabara. Shi ya sa masu sara su ƙware a Ninja don riƙe makami biyu, da Ranger don Rapid Fire, a haɗa da Spellblade na Mystic Knight, sara takwas ke nan a juyi ɗaya. Masu sihiri kuma Mime ya fi musu, gurbi uku gare shi, amma Dualcast na Red Mage, wato jefa sihiri biyu a juyi ɗaya, sai ka tara ABP 999 a matakin ƙarshe, mutum ɗaya ya isa ka yi wa wannan wahalar. Kuma kar ka ji ƙyashin zuba ABP a kan Galuf, ba zan faɗi dalili ba, amma ba asara.

Ninkin maki, wato zaɓin da ke ninka makin da ake samu bayan faɗa, yana nan a Pixel Remaster, har sau huɗu. Na ABP ka sa shi a biyu in kana da aiki da iyali, ba abin kunya ba ne. Na EXP, wato makin ƙara lebul, ka bar shi yadda yake, don in lebul ya yi yawa duka kawai za ka riƙa yi ka wuce, ba za ka taɓa buɗe Chemist ka ga abin da Mix, dabararsa ta haɗa magunguna, ke yi ba. Yau da daddare ka cire Knight ɗaya ka mai da shi Mystic Knight, ka ɗora wa Black Mage ɗinka sihirin Time, ka koma wa bos ɗin, sai ka rubuto min yadda ta kaya.