Amsa ga mai tambaya game da yawo a gonakin inabin Alsace

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ka zo karatu Strasbourg, babban birnin yankin Alsace a ƙasar Faransa, abokan ajinku sun gayyace ka tattaki a cikin gonakin inabi tare da ziyartar gidajen da ake matse inabin, kana kuma son sanin ko tafiyar tana da amfani ga wanda ba ya shan giya. Na zauna a wannan yanki, na kuma sha bin waɗannan hanyoyi da ƙafa. Shawarata ita ce ka je, amma ka tsara yadda ranar za ta kasance tun kafin ku tashi, domin gonar daban take, ɗakin ɗanɗana giya kuma daban.

Hanyar da ake kira hanyar inabin Alsace an buɗe ta a 1953, tsawonta kusan kilomita 170 ne daga Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu, kuma ba wanda ke cinye ta a yini ɗaya. Ku shiga jirgin ƙasa zuwa Colmar, tafiyar kamar rabin awa ce, daga nan ku hau bas zuwa Ribeauvillé. Daga wannan gari zuwa Hunawihr sannan Riquewihr kimanin kilomita 5 ne ta cikin gonaki, hawa da gangara masu sauƙi, kana tafe kana hangen kangayen fadoji uku a kan dutse a bayanka da shimfiɗaɗɗen kwarin kogin Rhine a gefe guda.

Abin da ya fi riƙe hankalina a wurin shi ne aikin noman kansa. Duwatsun Vosges da ke yamma suna tare gizagizai, shi ya sa Colmar take cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, wajen milimita 600 a shekara, kuma inabi yana son irin wannan yanayi. An jera kurangun a kan gangaren da ke fuskantar gabas da kudu domin su sami rana tun da safe, an ɗaure rassansu a jikin waya, an rage musu ganye don iska ta ratsa nonnan inabin kada su ruɓe. Idan ka sunkuya ka dubi gindin kowace kuranga za ka ga wani kumburi kaɗan sama da ƙasa. Wannan wurin aure ne, irin wanda ake yi wa mangwaro a gida. Dalilinsa wani ɗan ƙwaro ne mai suna phylloxera da ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860, ya rinƙa cin saiwa har ya hallaka mafi yawan gonakin inabin ƙasar, ba a kuma sami mafita ba sai da aka koma ɗora inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau haka ake dasawa. Manoman suna jin daɗi idan baƙo ya tambaye su wannan, musamman idan ya fara da gaisuwa, kuma a wurinsu na koyi yawancin abin da na sani.

A Hunawihr akwai wurin kula da wani farin tsuntsu dangin shamuwa wanda shi ne alamar Alsace. Yakan yi ƙaura zuwa Afirka ta Yamma idan hunturu ya gabato, kuma farin da aka yi a yankin Sahel a shekarun 1970 yana cikin abin da ya kusa ƙarar da shi a nan, har aka buɗe wannan cibiya a 1976 domin a farfaɗo da shi. Idan kuka ƙarasa Bennwihr ko Mittelwihr za ka lura gidajensu sababbi ne ba kamar na Riquewihr ba, saboda an rusa su a gumurzun ƙarshen 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Batun shiga gidajen matse inabi shi ne inda nake so ka natsu. Yawancinsu na iyali ne, suna zagayawa da baƙi su nuna injin matsa da manyan gangunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, daga ƙarshe a zauna a tebur a zuba giya a ɗanɗana. Ni nakan tsaya a gona da farfajiya, idan an zo zaman tebur sai in fita in jira abokan tafiya a dandalin gari, domin hani ya zo a kan zama a teburin da ake shan giya, kuma zuciyata ta fi kwanciya da hakan. Idan kana son hukunci filla-filla a kan shiga ginin ma, ka tambayi malami a babban masallacin Strasbourg. Abin da zan tabbatar maka shi ne, idan ka gaya wa abokanka tun a jirgi cewa ba ka sha kuma ba ka zama wurin sha, da wuya wani ya matsa maka. Wahalar tana zuwa ne idan ka yi shiru har aka miƙo maka kofi.

Ka kiyayi abu ɗaya da ya sha ruɗin baƙi. A lokacin kaka, wato Satumba da Oktoba, ana sayar da wani abin sha mai zaƙi da gurɓi-gurɓi da ake kira vin nouveau ko Neier Siasser. A ido da baki kamar ruwan inabi zalla yake, alhali ya riga ya fara tsima, akwai barasa a cikinsa. Wanda za ka nema shi ne wanda aka rubuta jus de raisin, wato ruwan inabi, a kwalbarsa, gidaje da dama suna yin nasu, kuma wanda aka matse daga inabin Gewurztraminer ko Muscat yana da ƙamshin da ba za ka samu a na kanti ba. Abincin yankin ma sai da lura, domin choucroute da tarte flambée ta gargajiya da naman alade ake yin su, baeckeoffe kuwa har a giya ake jiƙa namansa. Ka riƙe guzurinka na burodi da cuku da 'ya'yan itace.

Kada ka tsinki inabi ko ƙwaya ɗaya ba da izini ba, dukiyar mutane ce, kuma wasu garuruwa suna rufe hanyoyin cikin gona gab da girbi, saboda haka ku duba sanarwar ofishin yawon buɗe ido kafin ku fita. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka ɗauki gorar ruwa da rigar sanyi da ƙaramar sallaya, domin da wuya ka sami masallaci a waɗannan ƙauyuka sai ka koma Colmar, amma gefen hanyar gona ba ya rasa wuri mai tsabta. Bas yana ƙaranci ranar Lahadi, don haka ka rubuta lokacin na ƙarshe mai komawa Colmar tun da safe. Allah ya kai ku lafiya, ya ba da sa'ar karatu.